Tela ɗan Gamboru a Kusiri: shekara biyar babu takarda

Mutumin da zan ba da labarinsa maƙwabcinmu ne a Kusiri, garin Kamaru da ke daura da Injamena, ba zan kama sunansa ba, Tela kawai zan riƙa ce masa tunda dama haka yaran unguwa ke kiransa. Abin da na rubuta wani na gani da idona, wani shi ya faɗa min muna zaune a bakin shagonsa ana shan shayi, wani kuma abu ne da duniya ta sani an yi shi a labarai.

Kafin 2014: gari biyu, gada ɗaya

A Gamboru Ngala aka haife shi, jihar Borno, kakansa fatauci ya kawo shi daga ƙasar Kano. Duk wanda ya san wajen ya san Gamboru da Fotokol kusan gari ɗaya ne, kogin El Beid ne kawai a tsakani da gada a kai, mutum sai ya karya a Najeriya ya yi azahar a Kamaru babu mai ce masa daga ina. Kekunan ɗinki huɗu gare shi da yara masu koyon aiki, kuma rabin masu kawo masa ɗinkin sallah daga ɓangaren Kamaru suke, har daga Injamena ana aika masa shadda. Ta haka ya haɗu da matarsa, 'yar Hausawan Kusiri ce, aka ɗaura aure a masallaci a 2008, babu wanda ya yi zancen zuwa meri, wato ofishin magajin gari, a rubuta. 'Yarsu ta fari a Kusiri aka haife ta a 2009 saboda uwar ta zo gida wankan jego kamar yadda aka saba a haihuwar fari, na biyu namiji a Gamboru a 2012. Dukansu babu takardar haihuwa. Shi kansa abin da yake da shi mai hoto katin zaɓe ne kawai.

A kan takarda kuwa doka tana nan. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, CEMAC take, ita da Chadi da sauransu, don haka ɗan Najeriya ba shi da 'yancin zama yadda zai samu a Benin. Yana iya shigowa ba biza ya yi kwana 90, bayan nan sai katin zama, wanda a nan muke ce wa sejur, kuma dokar Janairu 1997 kan shigowa da zaman baƙi ita ta tsara zancen katin. Amma a bakin iyaka wa ya taɓa tambaya?

Mayu zuwa Agusta 2014: gudu

Ranar 5 ga Mayu 2014 'yan Boko Haram suka afka wa Gamboru suka ƙona kasuwa, an ba da rahoton mutuwar mutum wajen 300. Shagon Tela ya tsira a ranar, ya daure ya zauna. A Agusta suka dawo suka karɓe garin gaba ɗaya, a nan ya ɗauko iyali da kan keke ɗaya a ka, sauran ukun ya bar su, suka kwana huɗu a Fotokol sannan suka samu mota zuwa Kusiri gidan surukinsa.

Mutane da yawa sukan tambaya me ya hana shi zuwa Minawao, sansanin 'yan gudun hijira da aka buɗe a Yuli 2013 kusa da Mokolo. Amsarsa ba ta sauya ba har yau, wai yana da sana'a a hannu, matarsa 'yar ƙasa ce da katinta, gidan ubanta na nan, to me zai kai shi cikin tanti ya riƙa bin layin rabon dawa, kuma shi a lissafinsa wata biyu uku za a yi a koma. Matsalar ita ce a lokacin gwamnati ta fi ɗaukar wanda ke cikin sansanin a matsayin ɗan gudun hijira, na wajen kuwa da kwana 90 suka cika ya zama baƙon haure ke nan, ko da wuta ce ta koro shi.

Satumba 2014 zuwa Yuni 2015: shago da sunan wani

Ya kama ɗan shago a bakin kasuwa amma da sunan yayan matarsa, haraji ma da sunan yayan, layin waya da sunan matar. Aikinsa mai kyau ne, hannunsa a surfani ba dama, kuma yana karɓar abin da bai kai na telolin gari ba don yana neman ciniki. Nan aka fara tsegumi. Ni ban ga laifin telolin garin ba sosai, wanda ke biyan haraji da kuɗin haya na shekaru ya wayi gari an cika kasuwa da 'yan Gamboru masu karya farashi, ga hayar ɗaki ta tashi a unguwanni don mutane sun yi yawa, ga famfon da ake ɗiba layi ya ninka. Masu gidaje da masu sayar da abinci kuwa su kakarsu ce ta yanke saƙa, ba su taɓa ƙorafi ba.

Yuli zuwa Satumba 2015: kame

Wannan daminar ita ta juya komai. Ranar 15 ga Yuni bam ya tashi a Injamena, 11 ga Yuli a babbar kasuwarta, washegari a Fotokol, 22 ga Yuli a Marwa, a kasuwa da unguwar Barmare ta Hausawa, 25 ga wata kuma a unguwar Pon Ver ta Marwa ɗin. Aka hana sa niƙabi a jihar Arewa Mai Nisa, aka shiga bincike unguwa unguwa. A ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta aka kwashe 'yan Najeriya sama da 2,000 daga Kusiri waɗanda ba su da takardu. Tela na ciki, a kan keke aka ɗauke shi da tef a wuya, matarsa na da ciki wata bakwai.

Ba ta Fotokol aka mayar da su ba don Gamboru ba ta zaunu tukuna, sai aka yi kudu da su a manyan motoci, Waza, Mora, har aka sauke su a iyakar Sahuda kusa da Mubi, jihar Adamawa, wajen da bai taɓa takawa ba a rayuwarsa. Daga nan aka tantance su aka kai wasu sansanin Malkohi a Yola. Yana can aka haifa masa ɗa na uku, a waya ya ji, a wayar aro ya faɗi sunan da za a raɗa. Ranar 11 ga Satumba 2015 bam ya tashi a cikin Malkohi ɗin kansa ya kashe mutum bakwai. Ya ce min a daren ya yanke shawara, in dai mutuwa ce gara ta same shi kusa da 'ya'yansa.

A Kusiri kuwa shago ya rufe, yara biyu 'yan gari da ke koyon aiki a hannunsa suka watse, ɗaya ya koma tuƙa kalando, wato acaɓa. Shaddodin mutane da ke shagon matar ce ta bi gida gida tana mayarwa tana ba da haƙuri.

Nuwamba 2015: komowa ta daji

Wata biyu ya yi yana ɗinki a shagon wani a Mubi har ya tara kuɗin hanya. Ya shigo ta tsaunuka da mai babur da ya san inda babu shinge, ya sauka zuwa Marwa, daga nan ya bi motocin kaya zuwa Kusiri, kilomita 260 da wani abu, kuma a kowane shinge sai ya sauko ya yi magana da hannu. Abin da ya kashe a wannan tafiya ya ce ya kai jaka sittin na sefa, wato sefa dubu sittin, har da agogonsa.

2016: katin saye

Abu na farko da ya gwada shi ne abin da kowa ke gwadawa. Wani dillali ya ce zai samo masa takardar haihuwa da ke cewa a wani ƙauye na Logon da Shari, gundumar da Kusiri take ciki, aka haife shi, da ita a yi masa katin ɗan ƙasa. Ya biya jaka tamanin, matar ta sayar da ɗan kunnenta na zinari aka cika. Aka kawo takarda mai hatimi, kyakkyawa, har da lamba. Sai dai a 2016 ɗin ne aka shigo da sabon tsarin katin ɗan ƙasa mai ɗaukar yatsu a kwamfuta, aka kuma tsaurara bincike a yankin iyaka, da aka je duba littafin da lambar ta ce sai ga sunan wata mata a wajen. Allah ya rufa asiri surukinsa ya shiga ya fita aka kashe maganar kafin ta kai kotu, don takardar jabu laifi ne mai kai mutum gidan yari, ya fi zaman ba takarda muni nesa ba kusa ba. Dillalin ya kashe waya. Surukin ya kira shi ya ce, “Malam, ni na ba ka 'yata ban tambaye ka kati ba, kar ka sa a zo a tambaye ni nawa.” Tela ya ce, “Baba, na tuba, ba za a kuma ba.”

2016 zuwa 2018: zaman goro

Abu na biyu ba dabara ba ce ma, haƙuri ne da biyan kuɗi. Shekara biyu da rabi yana zaune a haka. In an yi kame ya kwana a gidan wani, in an tare shi jaka biyu, ranar da ta ɓaci jaka biyar, gab da sallah lokacin da aka san teloli na da kuɗi abin ya fi yawa. Ba ya iya tsallaka gadar Ngeli ya shiga Injamena sayen zare da maɓalli ko kai ɗinki, alhali ga garin can ana hango shi, sai ya aiki yaro ya biya shi. Da aka matsa kan rajistar layukan waya, Orange Money ɗinsa da sunan matar yake, duk kuɗin da mai ɗinki ya turo sai an jira ta fito da katinta. Banki babu, bashi babu sai adashe, shi ma wasu ba sa son sa shi don in aka kwashe shi wa zai zuba?

Abin da ya fi ci masa rai yayan matar ne. Shagon da sunansa yake, da ya ga ciniki ya buɗe sai ya ce a riƙa ba shi kaso, da Tela ya yi gardama ya ce to ya kai ƙara mana. Ina zai kai? A 2017 ya bar masa shagon da teburin yanka da wani keken da ya saya, ya koma ɗinki a zauren gida. Matar ta fi shekara ba ta gaisa da yayanta ba, uwarsu na tsakiya tana kuka.

Yaran ma abin ya taɓa su. An karɓe su a lekol, wato makarantar boko, ba takarda, amma malamin ya gaya wa uwar tun wuri, ranar da babbar ta kai CM2, ajin ƙarshe na firamare, ba za ta zauna jarrabawar CEP ta gama firamare ba sai da akta, wato takardar haihuwa.

A wannan tsakanin ne manya suka yi ta sa hannu. Ranar 2 ga Maris 2017 Kamaru da Najeriya da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙulla yarjejeniya cewa ba za a mayar da kowa ba sai da son ransa. A Satumba na shekarar Human Rights Watch ta fitar da rahoto ta ce tun farkon 2015 an mayar da 'yan Najeriya wajen 100,000 da ƙarfi, gwamnatin Kamaru ta musanta. A Oktoba 2017 ƙasashen CEMAC shida suka buɗe wa junansu zirga-zirga ba biza, wanda bai shafi ɗan Najeriya da komai ba. Tela ya sake tunanin Minawao a lokacin, har ya tambayi hanya, amma hakan na nufin ya bar matar da yara a Kusiri ya je ya zauna kilomita ɗaruruwa, ya fasa.

Disamba 2018 zuwa Yuli 2019: hanyar da ta ɓulle

Wani dattijo ne a cikin ƙungiyar 'yan Najeriya mazauna garin, mai sayar da kayan mota da ya shekara talatin a nan, ya zaunar da shi da biro da takarda. Ya ce, “Ɗana, faɗa min abin da ka bayar a hanya bana.” Suka lissafa na abin da ya tuna kawai, da na ɗan aike zuwa Injamena, da kwanakin da ya rufe aiki yana ɓuya, sai ga shi ya wuce kuɗin sejur na shekara biyu. Shi da can kuɗin katin ne ke ba shi tsoro, sama da jaka ɗari a dunƙule, ga fasfo kafin nan, bai taɓa haɗa na goron wuri ɗaya ya gani ba.

Matakan ba su da wani sirri, jeri ne kawai da ba a tsallake ɗaya. Ya bi ayarin motoci mai rakiyar sojoji daga Gamboru ta Dikwa zuwa Maiduguri, ya yi takardar shaidar ƙaramar hukuma, ya yi fasfo, sati bakwai yana kwana a shagon wani abokin sana'a. Ya dawo a Fabrairu 2019, wannan karon ta kan gada da rana tsaka, aka buga masa hatimin shigowa, kwana 90 ɗinsa suka fara ƙirguwa da sabon lissafi. A watan ne ma aka mayar da mutanen Rann ta Borno kusan 35,000 da suka gudo Gura a Kamaru bayan harin Boko Haram na Janairu, ya ce ya ga wasu a hanya da ƙullin kaya a ka. Bulaman unguwa ya tsaya masa aka yi takardar shaidar mazauni, surukinsa da liman suka shaida sun san shi tun 2008. Kuɗin kuwa adashen matan unguwa ne, aka ba matarsa kwasar farko. Ya kai takardu, aka ba shi resefise, wannan 'yar takardar wucin gadi da ake riƙewa kafin katin ya fito, kuma ita ya yi ta nunawa watanni da yawa.

Da resefise a hannu suka je meri aka rubuta aurensu, bayan shekara goma sha ɗaya da 'ya'ya uku, mata suka yi guɗa kamar sabon biki. Sai maganar yara. Dokar 2011 ta ba da kwana 90 a kai rahoton haihuwa, in lokaci ya ƙure da nisa sai kotu ta yi hukuncin da ake ce wa jujman, da shaidu da takardar likita mai ƙiyasta shekaru. Babbar da autan duka a Kusiri aka haife su kuma uwarsu 'yar ƙasa ce, nasu ya wuce. A nan al'adar wankan jego ta yi wa yarinyar rana ba tare da kowa ya shirya ba.

Ya yi sa'ar lokaci ba kaɗan ba. A Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disamba 2020, a Maris 2020 Kamaru ma ta rufe nata saboda korona. Da ya ƙara wata shida yana jinkiri da sai ya ƙara shekara biyu.

2020 zuwa yau

Ya kama shago da sunansa, yana biyan haraji da sunansa, kekuna uku yanzu da injin surfani ɗaya. Babbar ta zauna CEP a 2021 ta ci. A Disamba 2021 da rikicin Musgum da Larabawa Shuwa ya taso daga Logon Birni ya shigo Kusiri aka ƙona kasuwar shanu, mutum sama da 30,000 suka tsallaka Chadi cikin 'yan kwanaki, har da iyalinsa da surukansa da yayan nan mai shago. Sati biyu suka yi a Injamena a gidan wani mai ba shi ɗinki, kuma shi Tela ne ya nema musu masaukin. Bai ce wa yayan komai ba, sun dai dawo suna gaisawa.

Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a Mayu 2023 aka kuma saki naira a Yuni ta faɗi, samari ke ta shigowa daga Borno da Yobe da Kano neman sefa, wanda ke ɗaure da yuro ba ya motsi. Yawancinsu ba takarda. Biyu daga cikinsu a shagon Tela suke aiki, kuma yana biyan su ƙasa da abin da zai biya ɗan gari, na tambaye shi ya yi dariya ya ce ai yana ba su abinci da wurin kwana.

Abin da na gani a ciki

Kamen 2015 ina fahimtar dalilinsa, an kashe mutane a kasuwa, hukuma ba za ta naɗe hannu ba, kuma wanda ba a san ko wane ne ba dole a tsorata da shi. Amma a kan Tela abin da kamen ya yi shi ne ya raba shi da iyali wata huɗu, ya rufe shago, ya kori yara biyu 'yan ƙasa daga koyon sana'a, sannan mutumin ya dawo ta inda babu mai ganinsa, wato bayan kamen hukuma ta ma fi rashin sanin inda yake. Shekarun goro kuwa kuɗi ya fita daga aljihunsa kullum, ko dala ba ta shiga baitulmali ba, telolin gari kuma ba su huta da gasarsa ba, sai ma da ya fara biyan haraji da haya kamar kowa farashinsa ya daidaita da nasu.

Abin da ya sa hanyar ƙarshe ta yi aiki abubuwa ne da ba kowa ke da su ba, wannan kam sai a faɗa. Yana da sana'a mai kawo kuɗi, yana da mata 'yar ƙasa da suruki mai mutunci a gari, ya samu dattijon da ya san jerin matakan, ya samu adashe da ya tara masa kuɗin a dunƙule. Ɗan dako ko bazawara mai tallan ƙosai da suka tsallako tare da shi a 2014 ba su da ko ɗaya, kuma kuɗin katin ɗaya ne da na attajiri mai tireloli. Da a ce tun 2014 an zo unguwa an rubuta sunayen waɗanda suka gudo an ba su wata takarda mai arha ta hannun bulamomi, ni a ganina da dillalin katin jabu bai samu jaka tamanin ɗin nan ba.

Sejur shekara biyu yake yi, duk zagayowa sai an sake haɗa kuɗi, akwai na shekara goma amma ya ce sai ya aurar da babbar zai yi tunaninsa. Wanda ya rage shi ne ɗan tsakiya, haifaffen Gamboru, da kotun nan ba za ta yi masa jujman ba tunda ba a ƙasar aka haife shi ba. An samo masa takarda daga Najeriya, an ce sai an fassara an tabbatar da ita a Yawunde, fayil ɗin na cikin leda a ƙarƙashin teburin yanka tun bara, yaron kuma ya daina zuwa lekol yana zaune a keke na uku yana koyon sa aljihu.